Yaya hukumar yaƙi da cin hanci ke aiki a ƙasar da ke ƙarƙashin dokar soja?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina bin labarin yaƙin Yukren, sai na ji wai hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar ta kai samame gidajen manyan na hannun daman shugaban ƙasa, alhali ƙasar tana ƙarƙashin dokar soja. Abin ya ɗaure mini kai. A sanina idan aka kafa dokar soja, soja ne ke da wuƙa da nama, kotuna da hukumomi sai su koma 'yan kallo. To ta yaya irin wannan hukuma ke aiki? Wa ke ba ta izini, wa take kai wa ƙara? Kuma ba zai fi kyau a bar binciken sai an gama yaƙi ba, tunda tonon silili na iya karya gwiwar sojoji? Ni ɗan Maiduguri ne, mun ga dokar ta-ɓaci da idonmu, shi ya sa nake tambaya."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: ko dokar soja tana dakatar da hukumar, yadda take gudanar da aikinta a aikace, da kuma ko ya dace a tona asirin manya ana tsakiyar ɓarin wuta. Bari in fara faɗin matsayina don ka san yadda za ka auna maganata. Ni odita ne. Na shafe shekaru ina bin takardun kwangilolin gwamnati a nan gida, daga baya kuma ina taimaka wa masu bincike wajen shirya fayil kafin a kai shi kotu. Ban taɓa aiki a Yukren ba. Abin da zan gaya maka game da ita ya fito ne daga dokokinta da shari'o'in da aka yi a bainar jama'a, sai kuma hancin wanda ya saba da warin takardar da aka yi wa aringizo. Mutanen da zan ambata kuma, da yawansu zargi ake yi musu, zargi kuwa bai kai hukunci ba.

Dokar soja daban, mulkin soja daban

Mu da muka taso a Najeriya ko Nijar, da mun ji "soja" da "doka" a jimla ɗaya sai mu tuna da taken soja a rediyo da asuba, an jingine tsarin mulki, an rushe majalisa. Mu tuna da kotunan soja na 1984 da suka riƙa yanke wa tsofaffin gwamnoni ɗaurin shekaru masu yawan gaske. Abin da ke Yukren ba shi ba ne. Shugaba Volodymyr Zelensky ne ya ayyana dokar ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa ƙasar, majalisar dokoki ta amince, kuma sai an koma gabanta ake sabunta ta, galibi duk bayan kwana 90. Gwamnatin farar hula tana nan, ministoci suna nan, majalisa tana zama.

Dokar ta ƙwace abubuwa da yawa, ba shakka. Akwai dokar hana fita da dare. An hana maza masu shekara 18 zuwa 60 barin ƙasar, in ban da waɗanda aka keɓe, kodayake a 2025 an sassauta wa matasa 'yan ƙasa da 23. Gwamnati na iya karɓar mota ko gini don bukatar tsaro. Ba a zaɓe: na majalisa da ya kamata a yi a Oktoban 2023 da na shugaban ƙasa na 2024 duk an ɗage su. Amma dokar da ta tsara wannan hali ta faɗi ƙarara cewa kotuna ne kaɗai za su yi shari'a, kuma an haramta gajarta matakan shari'a ko gaggauta su. Tsarin mulkin ƙasar ya hana kafa kotunan ta-ɓaci. Saboda haka babu wani sashe da ya ce hukumar yaƙi da cin hanci ta rufe ofis.

Kai ma ka ga makamancin haka. Lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, an katse layukan waya, soja sun cika titi, amma gwamnoni suna kan kujerunsu, kuma ba wanda ya soke dokar EFCC.

Sarƙar da aka ƙera kafin yaƙi

Abin da ya sa hukumar Yukren ta iya tsayawa, tun kafin a fara yaƙin aka gina shi. Bayan boren 2014 da ya kori shugaban ƙasa Viktor Yanukovych, masu ba ƙasar bashi da tallafi suka ce ba za su ci gaba da zuba ruwa a kwando ba. Sai aka kafa NABU, hukumar bincike, wadda ta fara aiki a 2015. Aka kafa SAPO, ofishin masu gabatar da ƙara na musamman da ke sa ido a kan binciken NABU ya kuma kai shi kotu. Aka kafa NAZK, hukumar rigakafi mai kula da takardun bayyana kadarorin ma'aikata. Daga ƙarshe, a Satumban 2019, Babbar Kotun Cin Hanci ta fara zama.

Ka lura da hikimar. Mai bincike na musamman ne, mai gabatar da ƙara na musamman ne, alƙali ma na musamman ne. An yi haka ne domin a shekarun farko NABU kan yi bincike ta kai kotunan gama-gari, fayil ya kwanta a can ya yi ƙura. Wajen zaɓen shugabannin kuma an sa baƙi a ciki. Kwamitin da ke tantance daraktan NABU mutum shida ne, uku daga cikinsu ƙasashe da hukumomin da ke tallafa wa Yukren ne ke ba da sunansu. Alƙalan kotun ma sai da wani kwamitin ƙwararru na ƙasashen waje ya tace su. Darakta wa'adi ɗaya yake yi na shekara bakwai. Wasu 'yan ƙasar na ganin wannan zubar da girma ne, a ce sai baƙo ya zo ya zaɓa maka mai gadin rumbunka. Ina fahimtar ƙorafin. Sai dai wanda ya ga yadda ake canza shugabannin hukumomi irin wannan a wasu ƙasashe da takarda guda daga fadar shugaban ƙasa, ya san abin da ake gudu.

NABU ba ta bin ɗan sandan kan hanya ko akawun ƙaramar hukuma. Hurumin ta manya ne: ministoci, 'yan majalisa, alƙalai, manyan hafsoshi, shugabannin kamfanonin gwamnati, da shugaban ƙasar da ya sauka. Wanda ke kan kujera kam ba ta da iko a kansa.

Yaƙin ya same su a mummunan lokaci. Kujerar shugaban SAPO babu kowa tun Agustan 2020, wa'adin daraktan NABU na farko, Artem Sytnyk, kuma ya ƙare a Afrilun 2022. A Yunin wannan shekarar Tarayyar Turai ta ba Yukren matsayin mai neman shiga, ta haɗa mata da sharuɗɗa bakwai, cikinsu har da cike waɗannan kujeru biyu. Kafin Yuli ya ƙare aka naɗa Oleksandr Klymenko a SAPO, mutumin da ya ci jarabawar neman kujerar tun da daɗewa aka yi ta jan ƙafa a kansa. Semen Kryvonos ya hau kujerar NABU a Maris 2023. A Disamban 2023 aka ƙara yawan ma'aikatan da doka ta yarje wa NABU daga 700 zuwa 1,000, aka kuma ware SAPO ya zama ofis mai cin gashin kansa. Ka ga ke nan, hukumar ƙara girma ta yi a cikin yaƙin.

An bar ƙofa, an rufe tagogi

Inda dokar soja ta yi ɓarna shi ne wajen haske. Da aka fara yaƙi, an rufe rumbunan bayanan gwamnati na intanet: na mallakar gidaje da filaye, na kamfanoni, na hukunce-hukuncen kotu. A Maris 2022 aka dakatar da wajabcin bayyana kadarori, aka kuma kulle rumbun da jama'a ke shiga su duba abin da minista ko alƙali ya mallaka. Aka ba hukumomi damar ba da kwangila kai tsaye ba tare da bi ta Prozorro ba, wato dandalin da ake baje kolin kwangiloli kowa ya gani. Dalilan ba na banza ba ne. Maƙiyi yana bakin Kiyef, ba za ka bar masa adireshin hafsoshinka a intanet ba, kuma ba za ka ce sai an jira kwanakin talla kafin a sayo wa soja rigar sulke ba.

Amma mai bincike da haske yake aiki. Yawancin fayil ɗin da na taɓa riƙewa ba daga wayon ofishinmu suka faro ba. Ɗan kwangilar da aka kayar ne ya kawo ƙorafi, ko ɗan jarida ya ga farashin da bai kwanta masa ba, ko wani ƙaramin ma'aikaci ya gaji da sa hannu. Idan ka rufe tagogin nan, hukumar tana nan da motocinta da hatiminta, amma ta zama makaho a kasuwa.

Akwai wani aiki da aka taɓa tura ni, na kai abinci wani sansanin 'yan gudun hijira. Ba zan ambaci jiha ko ma'aikata ba. Fayil ɗin tsaf yake, har ya fi ƙarfin tsafta: bauca, rasit, takardar karɓar kaya, ga jan hatimin "gaggawa" a kowane shafi. Duk tambayar da na yi, amsa ɗaya nake samu cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, maganar tsaro ce." Me ya sa ba a yi talla ba? Tsaro. Ina sunayen direbobi? Tsaro. Sai da na je sansanin na zauna a kan benci da dattijon da ke kula da sito. Ya jawo wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa duk manja, inda yake rubuta duk buhun da ya shigo da hannunsa don kada a ce shi ya ci. Takardun ofis sun ce tirela uku, littafinsa ya ce ɗaya. Ban ga wayon da ya kai na kalmar nan "tsaro" wajen rufe bakin odita ba, domin wanda ya matsa da tambaya sai a fara yi masa kallon maras kishin ƙasa.

A Yukren ƙwai ne ya fasa tagar. A Janairun 2023 ɗan jarida Yuriy Nikolov ya wallafa wata kwangilar abincin sojoji da ma'aikatar tsaro ta sa wa hannu a ɓoye, inda aka rubuta ƙwai ɗaya a kan hiribniya 17, kuɗin ƙasar ke nan, alhali a kantunan Kiyef kusan 7 ake sayar da shi. Tankar yaƙi ba kowa ya san kuɗinta ba, amma kowace uwar gida ta san kuɗin ƙwai. Cikin kwanaki mataimakin ministan tsaro Vyacheslav Shapovalov ya ajiye aiki. Majalisa ta yi dokar da ta tilasta bayyana farashin kayan soja waɗanda ba makamai ba, kuma a Satumba aka sauya ministan tsaron kansa, Oleksii Reznikov, kodayake shi ba a tuhume shi da cin kuɗin ba.

Maganar kadarori ma sai da aka kai ruwa rana. A Satumban 2023 majalisa ta amince a dawo da cike takardun, amma a bar rumbun a kulle na ƙarin shekara guda. Jama'a suka yi ca, Zelensky ya ƙi sa hannu ya mayar musu, suka gyara, aka buɗe rumbun a Disamba, tare da ɓoye bayanan waɗanda ke fagen daga.

Yadda aikin yake a kullum

Ta fuskar ƙa'ida, hanyar ba ta canza ba. Jami'in NABU ya buɗe bincike, mai gabatar da ƙara na SAPO ya sa ido, alƙalin Babbar Kotun Cin Hanci ya ba da izinin binciken gida ko naɗar murya a ɓoye. Idan hujja ta taru a miƙa wa mutum takardar zargi a hukumance, a kai shi gaban alƙali ya yanke ko tsarewa ko beli. Ana cikin zama jiniyar harin sama ta kaɗa, a ɗage, kowa ya sauka maɓoya, a dawo a ci gaba. Wasu ma'aikatan hukumar sun tafi fagen daga, shaidu sun watsu a Turai, wasu takardun kuma suna garuruwan da Rasha ta mamaye.

An yi wa dokar shari'ar laifuka gyare-gyare na lokacin yaƙi. Sashe na 615 ya ce inda babu halin zuwa gaban alƙali, babban mai gabatar da ƙara na wurin na iya ba da wasu izinin da a da alƙali ne kaɗai ke bayarwa, kuma ana iya binciken gida ba tare da shaidun gefe ba muddin an ɗauki bidiyon komai. Garuruwan bakin daga aka yi wa wannan tanadi. Ko a haka, a Yulin 2024 Kotun Tsarin Mulki ta soke ɓangaren da ya ba da damar tsawaita tsare mutum ba tare da alƙali ya duba ba.

Wani sabon abu shi ne kuɗin beli. Doka ta ba wanda ya ajiye beli damar cewa a miƙa kuɗin ga rundunar soja, kuma kotu ta riƙa tura kuɗin da aka kama. Dala miliyan 6 da aka kama a 2020, waɗanda aka kawo don toshe bakin shugabannin NABU da SAPO kansu, sojoji aka bai wa bayan an fara yaƙi. Masu amsa laifi don a yi musu sassauci su ma kan haɗa da gudummawa mai tsoka ga soja. Wannan kam ina da ja a kansa. Kuɗin na da amfani, jirage marasa matuƙa ake saya da su, amma idan mai hali zai iya sayen sassauci da sunan kishin ƙasa, talaka zai ce an dai canza wa kashe-mu-raba suna ne. A ƙarshen 2024 an gyara dokar yarjejeniyar amsa laifi don a riƙa haɗawa da ɗauri da tara mai nauyi.

Su ma waɗanda ake tuhuma sun gano tasu ƙofar. Doka ta ce idan aka ɗauki wanda ake tuhuma aikin soja, kotu za ta dakatar da shari'arsa. Sai ga manyan mutane da ba su taɓa sha'awar kaki ba suna rububin shiga soja daidai lokacin da shari'a ta kusa ƙarewa. Zan dawo kan ɗaya daga cikinsu.

Duk da haka an kama manya. A Janairun 2023 aka cafke Vasyl Lozynskyi, mataimakin minista, bisa zargin karɓar dala 400,000 a harkar sayen janareto, lokacin da mutane ke kwana cikin duhu da sanyi. A Mayun shekarar aka kama shugaban Kotun Ƙoli, Vsevolod Kniaziev, kan zargin cin hancin dala miliyan 2.7. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A Afrilun 2024 ministan noma Mykola Solskyi ya miƙa takardar murabus bayan an zarge shi a wata harƙallar filayen gwamnati. A Yunin 2025 zargi ya kai ga mataimakin firaminista Oleksii Chernyshov, wanda kowa ya san kusancinsa da fadar shugaban ƙasa.

Kwana tara na Yulin 2025

A nan ne za ka ga ainihin haɗarin da dokar soja ke jefa irin wannan hukuma a ciki. Babu zaɓe, manyan tashoshin talabijin an haɗe labaransu a shiri guda, iko ya taru a ofishin shugaban ƙasa. Hukumar da ba ta karɓar umarni daga can ta zama ƙashin kifi a maƙogwaro. Kuma yaƙi ya ba masu son lanƙwasa ta wata sanda da ba su da ita a da: zargin yi wa maƙiyi aiki. Tun a Agustan 2023 an taɓa kawo shawarar a daidaita cin hanci da cin amanar ƙasa a lokacin yaƙi. A kunne abin da daɗi. Masu lura suka ce da walakin, goro a miya, domin laifin cin amanar ƙasa hurumin SBU ne, hukumar tsaron farin kaya da ke ƙarƙashin shugaban ƙasa, wato fayil zai bar hannun NABU ke nan. Shawarar ba ta zama doka ba.

Ranar 21 ga Yulin 2025 SBU da ofishin babban mai gabatar da ƙara na ƙasa suka kai samame gidajen ma'aikatan NABU da dama, suka tsare wasu bisa zargin alaƙa da Rasha. Washegari majalisa ta ɗauko wani ƙuduri da asalinsa kan mutanen da suka ɓace a yaƙi ne, aka cusa masa gyare-gyare, ƙuri'a 263 suka amince, shugaban ƙasa ya sa hannu a daren. Sabuwar dokar ba ta rushe NABU ba. Ta dai ba babban mai gabatar da ƙara, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa da amincewar majalisa, ikon neman kowane fayil, ba da umarni a kansa, ko ɗauke shi ya ba wata hukuma. Duk wanda ya taɓa aikin bincike ya san wannan ya isa. Ba sai ka kori mai bincike ba idan kana iya ɗauke fayil daga teburinsa.

A daren matasa suka fito dandalin da ke gaban gidan wasan kwaikwayo na Ivan Franko, kusa da ofishin shugaban ƙasa, riƙe da guntayen kwali da suka rubuta saƙonsu a kai. Cikinsu har da tsofaffin sojoji masu ƙafar roba. Lviv, Odesa, Dnipro da wasu birane suka ɗauka. Ita ce zanga-zangar adawa da gwamnati mafi girma tun fara yaƙin, kuma ana yin ta ne da ido a kan agogo saboda dokar hana fita ta sha biyun dare. Tarayyar Turai, wadda ta ware wa ƙasar yuro biliyan 50 na 2024 zuwa 2027 bisa sharaɗin gyare-gyare, ta nuna ɓacin ranta a fili. Ranar 31 ga Yuli majalisar nan dai ta mayar wa hukumomin 'yancinsu da ƙuri'a 331.

Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka aka fahimci abin da ke cikin tukunya. Ranar 10 ga Nuwamba NABU ta bayyana binciken da ta sa wa suna Midas: wata 15 ana yi, sa'a kusan 1,000 na muryoyin da aka naɗa, zargin wawure kimanin dala miliyan 100 ta hannun Energoatom, kamfanin nukiliyar da ke ba ƙasar fiye da rabin wutarta. Abin da ya fi jan hankalina a matsayin odita shi ne dabarar. Akwai tanadin lokacin yaƙi da ya hana 'yan kwangila kai irin wannan kamfani kotu don karɓar bashinsu, an yi shi ne don kada a durƙusar da kamfanin. Masu bincike sun ce wannan kariyar aka mayar shingen karɓar na goro: ko ka ba da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko kuɗinka su maƙale kuma ba ka da inda za ka kai kuka. Wanda ake zargi da jagoranci, Timur Mindich, tsohon abokin kasuwancin Zelensky a kamfanin shirye-shiryen barkwanci na Kvartal 95, ya fice daga ƙasar sa'o'i kaɗan kafin samamen. Ministoci biyu, Herman Halushchenko da Svitlana Hrynchuk, suka rasa kujerunsu. Ranar 28 ga watan shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Andriy Yermak, ya yi murabus bayan an bincike gidansa. Labarin da ka ji ke nan. Ɗaya daga jami'an da SBU ta tsare a Yuli yana cikin masu wannan binciken, kuma sai a Disamba aka sake shi daga kurkuku.

Kada ka ɗauka NABU waliyyiya ce. An sha zargin cewa bayanan bincike na zurarewa daga cikinta, kuma a Satumban 2024 aka kori mataimakin darakta na ɗaya, Gizo Uglava, kan matsa wa ma'aikacin da ya kwarmata irin wannan zurarewa. Akwai kuma linzamin da ya rage a hannun wasu: ta daɗe tana dogara da na'urorin SBU wajen sauraron wayoyi, tana dogara da ɗakunan gwajin wasu ma'aikatu wajen tantance hujja, kuma ba a buɗe wa ɗan majalisa fayil sai babban mai gabatar da ƙara ya sa hannu.

A bari sai an gama yaƙi?

Damuwarka tana da tushe. Duk badaƙalar da aka tona, kafofin Rasha na yayata ta, kuma 'yan siyasar Turai da Amurka da ba sa son a ci gaba da tallafi na samun abin faɗa. Akwai kuma bayanan da bai kamata su fita ba ko kaɗan, kamar inda masana'antar makamai take. Maganin wannan yana nan a doka: a saurari wannan ɓangare a zaman sirri, a ɓoye adireshi da sunan wuri, a bar farashi a fili.

Amma jinkirta binciken gaba ɗaya, ban yarda da shi ba. Sojan da ke cikin rami ya riga ka sanin an cuce shi, shi ne ke sanye da rigar da ba ta tare sanyi. Abin da ke karya masa gwiwa shi ne ya ga ba a taɓa kowa ba. Ƙasar kuma kusan duk harajin da take tarawa yaƙi ke cinyewa, albashin malamai da likitoci da fansho ya dogara sosai da kuɗin waje, masu ba da kuɗin kuwa suna kallo. Sai dalilin da na fi sani daga aikina: hujja ruɓewa take. Bayan shekara biyar an yi wa mai sito canjin wurin aiki ko ya rasu, littafinsa an kunna wuta da shi, kamfanin da ya karɓi kuɗin an rufe shi, kuɗin sun zama gida a wata ƙasa da sunan suruka.

Mu ai mun gwada jira. Maganar dala biliyan 2.1 na makamai da aka tuhumi Sambo Dasuki a kai ba ta fito ba sai da gwamnati ta canza a 2015, bayan garuruwa sun faɗa hannun Boko Haram, sannan shari'ar ta shiga jan ƙafa, shi kuma aka tsare shi shekara huɗu duk da belin da kotuna suka ba shi, abin da ya ba kowane ɓangare damar cewa siyasa ce. A Nijar binciken ma'aikatar tsaro da ya nuna asarar sefa biliyan 76 ya fito ne a 2020, bayan an riga an binne sojojin da aka kashe a hare-haren Inates da Chinagodar.

Inda Yukren ta fi rauni har yanzu shi ne ƙarshen sarƙar. Kamawa da sauri, hukunci da nawa, alƙalan kotun ba su da yawa, lauyoyi kuma sun iya cin lokaci har wa'adin da doka ta ɗibar wa laifi ya ƙare. Ga misalin da na ce zan dawo kansa. Roman Nasirov, tsohon shugaban hukumar haraji da kwastan, an tuhume shi tun Maris 2017, aka shigo da shi kotu a kan gadon marasa lafiya lulluɓe da bargo. Shari'ar ta yi ta tafiya shekara takwas. A Afrilun 2025, ana dab da kammalawa, sai aka ji ya shiga soja. Surutu ya yi yawa, rundunar ta soke ɗaukar tasa cikin kwanaki, aka dawo da shi gaban alƙali. A ƙarshen Oktoban 2025 Babbar Kotun Cin Hanci ta yanke masa ɗaurin shekara shida, da sauran damar ɗaukaka ƙara a gabansa.